Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Rarar Wutar Sola Da Darasin Motar Tafi-Da-Gidanka

Akwai wata kalma da Bahaushe ya ƙirƙira yake ta liƙa ta ga abubuwa iri-iri, amma ban taɓa ganin inda ta zauna daram ba sai da na je ƙasar Jamus. Kalmar ita ce tafi-da-gidanka. Mun ce wayar tafi-da-gidanka, mun ce kotun tafi-da-gidanka, alhali kuwa babu mai kwana a cikin waya, babu kuma mai girki a cikin kotu. To a ƙasashen Turai da Amurka da Ostireliya akwai wata irin mota da ta cancanci wannan suna ba tare da wani tawili ba, domin a cikinta akwai gado da wurin girki da firji da makewayi da wurin wanka, ga tankin ruwa a ƙarƙashinta, ga farantan sola shimfiɗe a rufinta. Mai ita yakan kulle gidansa na gari ya hau hanya, duk inda dare ya yi masa nan ne gida.

Bayan kammala wani taron ƙara wa juna sani kan harsunan Afirka, wani dattijon malami da ya yi ritaya ya gayyace ni na yi kwana biyu tare da shi a irin wannan mota, a bakin wani tafki da ke kudancin ƙasar. Lokacin bazararsu ne, rana takan fito da wuri ta kuma daɗe ba ta faɗi ba. Da hantsi, wajen ƙarfe sha ɗaya, muna zaune muna gardama kan karin sautin Hausa, sai na ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin kujerar da nake zaune. Ya lura na zabura, sai ya yi dariya ya bayyana mini cewa batirin motar ne ya cika, shi ne wani ɗan makunni ya juya wutar da ta yi rara zuwa tankin ruwa. Da yamma ta yi na yi wanka da ruwan ɗumi, ba a kunna gas ba, ba a kuma taɓa ko ɗigon wutar da aka ajiye domin dare ba.

Abin bai dame ni ba sai da hunturu ya kama ni a gida. Wata rana ina tsaye gaban inbatar gidana da misalin sha ɗaya da rabi na safe, allonta na nuna batir ya cika fal, sai ga hayaƙi na tashi daga tsakar gida, uwargida na hura gawayi domin ɗumama wa yara ruwan wanka. Rana na dukan farantan da na kashe kuɗin gumina na saya, na'ura ta rufe musu ƙofa domin babu inda za ta zuba wutar, mu kuma muna ƙona kuɗi a murhu. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin a ganina ɗan makunnin nan da ya yi ƙas a cikin mota yana ɗauke da amsar wata tambaya da a yau take damun manyan ƙasashe, take kuma damun ƙananan gidajenmu ba mu sani ba.

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa harkar waɗannan motoci ba ƙarama ba ce a inda ake yin ta. A shekarar 2021 kaɗai masana'antun Amurka sun fitar da motoci da tirelolin kwana sama da dubu 600, mafi yawansu kuma a yankin garin Elkhart na jihar Indiana aka ƙera su. A Jamus adadin motocin tafi-da-gidanka masu rajista ya kai kimanin miliyan ɗaya a 2025, kuma duk shekara ana yin babban baje kolinsu a birnin Düsseldorf. A Ostireliya tsofaffin da suka yi ritaya sukan shafe watanni suna zagaya nahiyar a cikinsu. Kuma ba duka masu yawon buɗe ido ba ne. Tun bayan karayar tattalin arziki ta 2008 akwai Amurkawa da dama da tsadar haya ta mayar da su mazauna mota, su ne 'yar jarida Jessica Bruder ta rubuta littafin Nomadland a kansu a 2017, fim ɗin da aka yi daga littafin kuma ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Ga irin waɗannan mutane, lissafin wuta da ruwa da gas lissafi ne na rayuwa.

To mene ne ainihin rarar da ake magana a kai? Tsakanin farantin sola da batir akwai wata na'ura mai kula da caji. Da safe, lokacin da batir yake da yunwa, takan bar duk wutar da faranti ya samar ta wuce. Idan ya kusa cika sai ta fara rage masa, idan ya cika sai ta bar ɗan abin da zai riƙe shi kawai. Daga wannan lokaci farantin da zai iya ba da wat 400 sai ya koma ba da talatin ko arba'in, gwargwadon abin da firji da cajin waya suke ja. Sauran ba ya zuwa ko'ina, ba a ma samar da shi ba tun farko. Abin da ya sa wannan asara ta fi kowace wuyar ganewa ke nan. Ruwan da ya malala daga randa yakan jiƙa ƙasa kowa ya gani, amma wutar da ba a girba ba babu allon da ke nuna ta, abin da mai gida yake gani kawai shi ne batirinsa ya cika, sai ma ya yi hamdala.

Dalilin da ya sa rarar ta yawaita a 'yan shekarun nan a fili yake. Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, ya kuma ci gaba da sauka bayan nan. Mai hankali yakan sayi farantai daidai da ranar da ta fi kowace muni, wato ranar hadari ko lokacin sanyi, don kada ya kwana a duhu. Sakamakon haka, a ranakun da gari ya yi garau yakan samu fiye da bukatarsa nesa ba kusa ba. Batirin litiyom da ya maye gurbin na dalma shi ma ya ƙara wa lamarin ƙarfi, domin yana shan caji da sauri, kafin azahar ya ƙoshi.

Mu ɗan yi lissafi, domin magana ba ta tabbata sai da ƙidaya. Yunit ɗaya na wuta, irin wanda muke saye a mita, shi ne wat dubu na tsawon awa guda. Ɗumama lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin kimanin wat 1.16 na awa guda. Tankin ruwan zafi a yawancin motocin Turai lita 10 yake ɗauka, na Amurka kuwa galan 6, wato kusan lita 23. Idan aka ɗaga zafin lita 10 daga digiri 15 zuwa 60, an ci ɗan abin da ya haura rabin yunit. Mota mai farantan wat 400 a rana mai kyau tana iya samar da yunit biyu, alhali firji da fitilu da famfon ruwa da waya ba su cika wuce yunit ɗaya ba. Ke nan rarar rana guda ta ishi wankan mutum biyu da wanke-wanke, har da saura.

Dabarar da masu motocin suke bi ba ta da wani sarƙaƙiya. Sukan sa ƙaramin ƙarfen hita mai wat 200 ko 300 a cikin tanki, su haɗa shi da makunni mai karɓar umarni daga ma'aunin batir. Kamfanoni irin su Victron na ƙasar Holan suna yin na'urorinsu da wannan makunni a ciki, sai dai mutum ya saita shi: idan batir ya kai kashi 98 a kunna, idan ya sauka zuwa 90 a kashe. Tazarar nan da ake bari tsakanin kunnawa da kashewa tana da muhimmanci, domin in ba haka ba duk gajimaren da ya gifta sai makunni ya yi ta kunnawa yana kashewa har ya ƙone. Asalin dabarar ma daga masu ƙananan injinan iska da na ruwa aka aro ta, waɗanda su dole ne su samar wa rarar wuta mazubi, in ba haka ba injin ya yi gudun da zai lalata shi.

A nan wajibi ne in faɗi gaskiyar da masu tallar kaya ba su cika faɗa ba. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13. Rabin yunit ɗin da aka ɗumama lita 10 da shi, a gas bai wuce giram 50 ba. Wato idan don rage kuɗi kawai Bajamushe yake wannan aiki, zai yi shekaru bai fanshe kuɗin waya da makunni ba. Abin da yake saye shi ne kwanaki. Tukwanen gas na Jamus da Faransa da Sifen da Ingila kowace da irin bakinta da tsarin musayarta, wanda ya ƙetare iyaka tukunyarsa ta ƙare yakan sha wahala kafin ya samu cikawa. Duk giram ɗin da rana ta ɗauke masa ƙarin lokaci ne da zai yi a bakin teku ko gindin dutse bai koma gari ba. Shi kuwa talakan Amurka da ke zaune a mota a hamadar Arizona, tafiyar neman gas man fetur ce, man fetur kuma kuɗin abinci ne.

Akwai wani abin sha'awa a tarihin wannan sana'a da ba zan iya wucewa ban ambata ba, kasancewata malamin harshe. Kamfanin Truma, wanda tukwanen ruwan zafinsa suke cikin ɗimbin motocin Turai, wani malamin harshe ne mai suna Philipp Kreis ya kafa shi a 1949. Yana koyar da Turanci a birnin Munich bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yawan ɗauke wuta ya hana shi darussan dare, sai ya shiga haɗa fitilun gas, daga nan sana'a ta buɗe, ya kuma samo sunan kamfanin daga sunan shugaban Amurka na lokacin, Harry Truman. Rashin wuta ne ya haifi kamfanin da ya dogara da gas. Yau kuma, bayan shekaru saba'in da 'yan kai, yawan wuta ne yake sa jikokin abokan cinikinsa suna neman hanyar rufe tukunyar gas ɗin.

Abin da ya mayar da wannan batu na al'amuran yau da kullum shi ne cewa matsalar da ke cikin 'yar mota ita ce ta bayyana a manyan layukan wuta na duniya. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a shekarar 2024, hukumar da ke kula da layin wuta ta hana samar da yunit biliyan 3.4 na wutar rana da ta iska, mafi yawansa na rana, saboda babu mai bukata a lokacin ko babu layin da zai ɗauka. Wannan adadi ya yi kusan daidai da abin da babban layin Nijeriya yakan raba wa ƙasa baki ɗaya a wata guda. A Jamus, a wannan shekarar dai, an samu awa 457 da farashin wuta a kasuwar sari ya faɗi ƙasa da sifiri, wato mai samar da wuta ne yake biya a karɓa, har ta kai a watan Fabrairun 2025 aka yi dokar da ta hana sababbin masu sola kuɗin tallafi a irin waɗannan sa'o'i.

Martanin da ƙasashe suke mayarwa kuwa bai bambanta da na dattijon abokina ba. A Ingila, tun kafin a rufe tsarin tallafin sola ga sababbin shiga a ƙarshen Maris na 2019, magidanta sun rungumi ƙananan na'urori irin su Solar iBoost da Eddi masu juya rarar wutar rufi zuwa tankin ruwan zafi. A Ostireliya, inda aka shafe shekaru da dama ana kunna tankunan ruwan gidaje da tsakar dare domin a samar wa tashoshin kwal abokan ciniki, kamfanonin rarraba wuta sun shiga mayar da wannan aiki zuwa tsakar rana. Jihar Ostireliya ta Kudu ta fito da rangwamen farashi daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na yamma a 2020. A watan Nuwamban 2025 kuma ministan makamashi Chris Bowen ya sanar da shirin bai wa gidaje wutar awa uku kyauta da tsakar rana a wasu jihohi, wanda aka tsara farawa a Yulin 2026. Manufar duka ɗaya ce: a jawo aikin da zai iya jira zuwa lokacin da rana take tsaka. Kuma a cikin ayyukan gida babu mai haƙurin jira kamar ruwan zafi, domin tanki mai rufi mai kyau yakan riƙe zafinsa har wayewar gari. Lita 100 da aka ƙara wa digiri 45 ta adana zafin yunit biyar da ɗoriya, daidai da batirin litiyom babba da ake sa wa gidaje, a kan kuɗin da bai kama ƙafar nasa ba. Iyakarta dai zafi ba ya komawa ya zama hasken fitila, don haka tanki ba ya maye gurbin batir, mataimakinsa ne.

Yanzu mu dawo gida. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. A watan Oktoban wannan shekarar mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Duk wanda yake da ɗan hali sai ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa. Ƙididdigar cibiyar Ember ta nuna cewa a watanni 12 da suka ƙare a Yunin 2025 Nijeriya ta shigo da farantan sola na megawat 1,721 daga ƙasar Sin, ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. A Jamhuriyar Nijar ma haka abin ya kasance bayan da Nijeriya ta yanke mata wuta sakamakon juyin mulkin Yulin 2023.

Abin lura shi ne, gidan Bature mai sola yana haɗe da layin da zai iya tura wa rararsa ko da a farashi mai rahusa. Mafi yawan gidajenmu kuwa ba sa mayar da wuta kan layi, kuma ko an ba su izini, ba a zuba wuta a layin da yake a mace. Ke nan gidan malami a Kano ko shagon ɗan kasuwa a Maraɗi ya fi kama da motar tafi-da-gidanka fiye da yadda ya yi kama da gidan Landan. Tsibiri ne mai cin gashin kansa, abin da bai ci ba da rana ya tafi ke nan. Bambancinmu da mai mota kawai shi ne namu gidan ba shi da taya, ranarmu kuma ta kusa ninka ta Jamus ƙarfi idan aka auna a shekara.

A ɗauki gida mai farantai huɗu na wat 500 kowane. A rana mai haske zai iya samar da yunit takwas bayan an cire abin da ke salwanta a waya da na'ura. A lokacin hunturu, da ba a kunna fanka, a ce batir ya sha uku don cike gurbin dare, ayyukan rana suka ci biyu. Saura uku. Yunit ukun nan za su ɗaga lita 60 daga digiri 18 zuwa 60, wanda idan aka sirka da ruwan sanyi zai ba da bokiti biyar ko shida na wanka. A murhun duwatsu uku, wanda mafi yawan zafinsa iska ke kwashewa, wannan aiki yakan ci kilo biyar zuwa shida na busasshen icce. Abin da bai wuce ɗan giram na gas ba ga Bature, a wurinmu dami ne na itace, kuma hayaƙi ne a ƙirjin mace da na goyonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020. Mu kuwa al'umma ce mai bukatar ruwan zafi: ga wankan yara da tsofaffi a lokacin ɗari, ga alwalar asuba, ga wankan jego na kwana arba'in da kowane magidanci ya san irin iccen da yake lashewa, ga ɗakunan haihuwa da makarantun kwana da tsangayu.

To me ya hana mu? Babban abin da ya hana mu wata magana ce da ta zama kamar karatu a bakin masu haɗa sola. Wanda ya haɗa mini nawa, da zai tafi, sai da ya ja mini kunne sau uku cewa kada a kuskura a sa hita ko dutsen guga a kan inbata. Gargaɗinsa yana da tushe, domin hitar kasuwa mai wat 1,500 ko 2,000 idan aka kunna ta da asuba, lokacin da ake bukatar ruwan, kai tsaye daga batir za ta sha, cikin 'yan watanni ta kashe shi. Amma hukuncin da ya dace da ƙarfe biyar na asuba bai dace da ƙarfe sha biyun rana ba. Kuma ko da ranar, hita mai girma tana jan fiye da rarar da ake da ita a lokaci guda, sai batir ya riƙa cika mata. Abin da masu motoci suka gano shi ne ƙaramin ƙarfe mai wat 300 zuwa 600, wanda zai yi awa huɗu ko biyar yana aiki a hankali, a cikin tanki mai rufin da ke hana zafi fita. A ɗumama da rana, a yi amfani da asuba.

Ba zan ɓoye wa mai karatu raunin wannan shawara ba. Na farko, hazon hunturu yana rage ƙarfin rana daidai lokacin da aka fi bukatar ruwan zafi, ƙurar da ke kwanciya a kan faranti kuma ta fi hazon ɓarna ga wanda ba ya sharewa. Na biyu, a watannin Maris zuwa Mayu babu wata rarar kirki, fanka da firji sun cinye, kuma ruwan tankin sama da kansa yake tafasa. A wannan lokaci mazubin rara shi ne tura ruwa daga rijiya zuwa tanki da daskarar da ƙanƙara, domin su ma ajiya ce ta aikin rana. Na uku, wanda yake da batirin dalma ya yi hattara, domin irinsa yana bukatar sa'o'i na ƙarshen caji a hankali, wanda ya yi masa ƙwace kafin ya gama zai taƙaita masa kwana. Na huɗu, wanda ruwan zafi kawai yake so, bai riga ya sayi farantai ba, gara ya nemi tukunyar rana mai ɗumama ruwa kai tsaye, domin ita tana kama fiye da rabin zafin da ya sauka a kanta, alhali farantin lantarki kashi ɗaya cikin biyar kawai yake juyawa.

Wannan hanya ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar daga 1969 zuwa 1985, kuma a ƙarƙashinsa an ƙera tukwanen ɗumama ruwa da rana a can Yamai. Cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ita ma ta daɗe tana irin wannan aiki. Ƙasar Isra'ila ta wajabta irin waɗannan tukwane a sababbin gidaje tun 1980, a Saifurus kuma kusan kowane rufi yana da su. Ƙasar Kenya ta gwada tilastawa da doka a 2012, majalisarta ta soke dokar a 2018. Darasin da ke cikin wannan shi ne tara da barazana ba sa aiki inda jama'a ba su ga ribar abu da idonsu ba.

Sannan akwai batun tsaro, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Wutar batir miƙaƙƙiya ce, ba kamar ta layi mai kai da komowa ba, don haka makunnin da aka yi domin wutar layi idan aka sa shi ya yanke ta batir yakan yi tartsatsin da ba ya mutuwa, har ya kai ga gobara. Hita mai wat 300 a kan bolt 12 tana jan amfiya 25, siririyar waya ba za ta ɗauka ba. Ruwan da ya tsaya tsakanin digiri 20 da 45 matattara ce ta ƙwayar cutar huhu da aka gano bayan annobar birnin Philadelphia a 1976, shi ya sa ake son tanki ya riƙa kaiwa digiri 60. Ruwa mai wannan zafi kuma yana sale fatar yaro cikin daƙiƙoƙi, don haka dole a sirka. Ita kuwa hitar bokiti mai tsiraicin ƙarfe da ake sayarwa a bakin titi, wadda ta sha hallaka mutane, ba ta cikin wannan magana ko kaɗan.

Shawarata ta farko ga magidanci ce: ya tsaya gaban inbatarsa kwana bakwai, ya rubuta lokacin da batirinsa yake cika. Idan kafin azahar ne, to ya sani yana da dukiyar da yake bari tana wucewa. Ta biyu ga masu haɗa sola da makarantun koyon sana'a: su daina tsayawa a kan hani, su koyi saita makunnin da yawancin inbatocin zamani suke zuwa da shi, su kuma haɗa kai da maƙeranmu na tankuna a samar da ƙarami mai rufi da talaka zai iya saye. Ta uku ga gwamnatocin jihohi, waɗanda dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba su ikon tsara kasuwar wutarsu: duk kwangilar sa sola a asibitin karkara ko makarantar kwana a rubuta a cikinta inda rarar rana za ta tafi, tun ran gini ran zane. Ta huɗu ga 'yan uwana malaman harshe da ma'aikatan rediyo. Har yau allon inbata da takardar bayaninta da Turanci suke magana, matar da ke wuni a gida kuwa, wadda ita ce take nan lokacin da batir yake cika, babu wanda ya yi mata bayani da harshenta. Turawa suna kiran mazubin rarar wuta da sunan da ke nufin juji. Mu muna da kalmar da ta fi wannan dacewa, domin Bahaushe bai taɓa kai rarar hatsinsa juji ba, rumbu yake gina mata.

Masu iya magana sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mu mun riga mun tona, mun sayi farantai da tsada, wasu da bashi, wasu da kuɗin sallamar aiki. Abin da ya rage shi ne ɗan makunni da tanki da sanin lokaci. Ni dai na sa nawa kafin hunturun bara ya fita, kuma tun daga lokacin buhun gawayin da muke ƙararwa a mako uku yana kai mu wata guda da kwanaki. Allah Ya ba mu ikon amfana da ni'imar da Ya yi mana, Ya kuma kare mu daga almubazzaranci, na sane da na rashin sani.